Diyod Ɗin da Kestas Ya Yi Ta Ƙonawa

Ai an ɗaura, 'yar'uwa! Vaiva tamu ta bene na biyu ta zama matar Kestas. Bari in gyara goyon nan in ba ki labari tun daga tushe.

Kin dai san shagon babanta, Baba Rimvydas, a garin Kaunas, inda suke zana suna a cokulan katako da hasken nan mai ƙuna da ake ce wa leza. Ran nan tana zaune sai ga wani dogo, Kestas ɗin ke nan, ya shigo da ɗan abu kamar ƙwayar wake a tafin hannu. Diyod ne, shi ke fitar da hasken.

"Ya mutu," ya ce.

"Da me ka ba shi wuta?"

"Batir."

"Kai tsaye? Bawan Allah, ai kashe shi ka yi. Shi bai san ya ƙoshi ba, zai ta zuƙa har ya ƙone. Direba yake so."

Ba direban mota ba fa, ni ma haka na zata. Ɗan allo ne da ke auna masa wuta daidai cikinsa.

Ta sayar masa da sabo, ta bi bayansa da kallo. Bai jima ba ya dawo da shi a ƙone. Ya sake dawowa. Kan ka ce me sun fara zuwa cin kibinai, burodin nan nasu mai nama a ciki, tare, yana turo mata saƙo: "Haskena, wani diyod ya sake rasuwa. Zan zo ki yi min ta'aziyya."

Da maganar aure ta taso, Baba Rimvydas ya ce atafau. "Wanda ya kasa riƙe diyod shi zan ba 'ya? Wata rana idonta zai tsiyaye."

Vaiva ta yi kuka har ta gode Allah. Ta rubuta masa: "Dogona, ka daina wasa. Ka nuna masa."

Ranar Lahadi sai ga Kestas da allon da ya haɗa da hannunsa. Kafin ya taɓa komai ya miƙa wa tsohon tabarau na kare ido, ya sa wa Vaiva nata. Sannan ya kunna. Wutar ta riƙa hawa a hankali, ta kai iyakar da ya sa mata, ta tsaya cak. Ƙarfen da ke sanyaya diyod ɗin ko ɗumi bai yi ba.

Tsoho ya juya allon, ya duba dalmar.

"Hannun da ya yi wannan ba ya ƙona diyod bisa kuskure."

Kestas ya sunkuyar da kai. "Baba, in bai ƙone ba, da wane dalili zan shigo shagon?"

Tsoho ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi.

"Wawa na hana 'yata," ya ce. "Maƙaryaci kuwa, uwarta ma irinsa ta aura. Jawo kujera."

Jiya da kansa ya tare su a ƙofa da burodi da gishiri kamar yadda al'adarsu take, yana share hawaye yana cewa hayaƙi ne ya shigar masa ido. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Yarinyar nan ta farka. Don Allah ki gaya wa maƙwabtanmu su Jolanta, ba su ji ba tukuna.