Kek Ɗin da Ba Shi da Tuta

Mutanen da wannan labari ya shafa su shida ne. Akwai Sufeto Ejvind Bruun na 'yan sandan kudancin Jutland. Da Kaj Lauridsen, mai gyaran jiragen sama, wanda shi ne mamacin. Da Preben Holt, shugaban ma'aikatan rumfar gyaran jirage. Da Bodil Nissen, direbar taraktar da ke jan jirage. Da Aksel Damgaard, mai kula da sito. Sai Likita Ragnhild Krogh, mai binciken gawa.

Ranar wata Alhamis cikin watan Maris, da misalin ƙarfe biyu na rana, ana tsuga ruwan sama, aka yi wa Sufeto Bruun waya cewa an tsinci gawa a cikin jirgi.

Da ya isa rumfar, Preben ya kai shi ƙarƙashin jirgin, ya nuna masa ramin da ake zuba kayan fasinja. Wuri ne matsattse, sai mutum ya durƙusa yake shiga. Kaj yana kwance rub da ciki, takunkuminsa a fuska, abin kankara a hannu. Ba rauni, ba jini. Kusa da shi akwai gwangwani mai hoton lemo, ramin kuma yana ta ƙamshin lemo.

Preben ya bayyana cewa aikin Kaj shi ne kankare gam daga daɓen ramin, kuma ruwan da ke cikin gwangwanin daga ɓawon lemo ake yin sa. Shekararsu shida suna aiki da shi, ko ciwon kai bai taɓa sa wa wani ba. Ya ce shi ne ya fara ganin gawar, da ya zo kiran Kaj shan kofi.

A ɗakin hutu Sufeto ya rubuta bayaninsa. Akwai ragowar kek a kan tebur.

"Ci mana, Ejvind," in ji Preben. "Ranar haihuwata ce yau. Ka ga irin ranar da na samu."

Sufeto ya ci yanka ɗaya, ya yi masa ta'aziyya, ya tafi yana zaton zuciyar Kaj ce ta tsaya.

Washegari Likita Krogh ta kira shi, ta tambaye shi inda gobarar ta tashi.

"Wace gobara?"

"Jinin mutuminka cike yake da gubar hayaƙi, irin ta wanda ya kulle kansa a gareji da mota a kunne."

Sufeto ya ce babu wuta a rumfar, babu ko ashana. Ta ce ita dai abin da jini ya faɗa take faɗa, neman wutar kuma aikinsa ne, tunda shi ke da mota da hula.

Ya koma rumfar ya zagaya sau uku. Injunan jirgin a kashe suke tun makon jiya. Abin ɗumama ɗaki da ruwan zafi yake aiki. Daga ƙarshe ya ga sawun tayoyi masu laka daga bakin ƙofa zuwa gindin jirgin.

Aka kirawo Bodil. Da farko ta ce taraktarta ba ta shiga rumfar ba duk ranar Alhamis. Da ya nuna mata sawun, sai ta zauna a kan wani akwatin kayan aiki, sannan ta ce ta shigo da ita don ta fake wa ruwa, ta bar ta a kunne.

"Minti nawa?"

"Biyar. Ko bakwai. Ban sani ba yanzu. Tun jiya nake ƙirgawa, kullum sai su ƙaru." Ta dube shi. "Ni na kashe shi ke nan?"

Preben ya girgiza kai, ya ce ya sha yi mata gargaɗi, amma mace ce mai kirki, a sassauta mata. Aka rubuta bayaninta, aka ce ta zo ofis ranar Talata ta sa hannu, daga nan takardar ta wuce wurin mai gabatar da ƙara bisa tuhumar kisa ta hanyar sakaci.

Amma hankalin Sufeto bai kwanta ba. Rumfar ta kai girman filin ƙwallo, ƙofarta kuma a buɗe take. Mutum uku sun yi aiki kusa da taraktar, ba wanda ya ji ko jiri. Likita ta ce minti bakwai ba za su yi wannan ɓarna ba. Ga guba a jini, ga mota ɗaya tak, ga mace ta amsa laifi, amma abubuwan sun ƙi haɗuwa.

Ranar Litinin da safe ya je sito da gwangwanin. Aksel ya karɓa, ya jinjina shi a hannu, ya yamutsa fuska. Sufeto ya tambaye shi tsawon lokacin da ruwan ke ɗauka kafin ya sassauta gam.

"Ruwan haƙuri muke ce masa," in ji Aksel. "Ka shafa, ka je ka sha kofi, ka karanta jarida, ka dawo ka tarar gam ɗin yana yi maka dariya."

Ya ce daɓen ramin aikin kwana biyu ne da gwangwani uku. Sufeto ya duba littafinsa. Kaj ya shiga ramin ƙarfe goma sha ɗaya, kuma kafin ƙarfe biyu ya kankare fiye da rabin daɓen. Gwangwanin kuwa kusan a cike yake.

Aksel ya ƙara da cewa ya ga safar hannun Kaj da aka ciro shi, ta kumbura ta yi laushi. Ruwan lemo ba ya yin haka cikin ɗan lokaci. Rabonsa da ganin safa ta yi haka tun zamanin tsohon ruwan da hukuma ta hana, wanda aka ce a kwashe shekarun baya.

Sufeto ya fita waje ya kira likita. Ya ce zai yi tambayar wauta: shin akwai abin da mutum zai shaƙa ba hayaƙi ba, ya zama hayaƙi bayan ya shiga jiki?



"Akwai," in ji ta. "Tsohon ruwan cire fenti da gam. Hanta ce ke juya shi ya koma wannan guba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a rami, yana bugar da mutum, takunkumi irin nasu kuma ba ya tare shi sai na ɗan lokaci. Ban nema ba, don na ɗauka ya ƙare a ƙasar nan."

Yanzu Sufeto ya san abin da ya kashe Kaj, amma bai san hannun da ya ba shi ba, bai kuma san dalili ba. Ya koma ofis da kansa a ɗaure. Ya tarar ana taya wata sakatariya murnar ranar haihuwarta, an jera ƙananan tutocin ƙasa ja da fari a kan kek, wata tutar kuma a tsaye a kan teburinta, kamar yadda al'adarsu take ga kowane kek na ranar haihuwa. Ya tsaya da faranti a hannu yana kallon tutocin. Sannan ya ajiye farantin, ya buɗe bayanin Preben. An haife shi cikin watan Nuwamba.

Ya kira Bodil ya tambaye ta kek ɗin mene ne aka ci ranar Alhamis.

"Na kuskure mana," in ji ta. "Wanda ya yi kwaɓa shi ke kawo kek, kamar ko'ina. Preben ne ya sa aka manna shimfiɗar ramin da gam ɗin da ba shi ba ne. Mai duba aiki ya ƙi sa hannu, jirgin kuma Juma'a zai tashi."

Da yamma Sufeto ya koma rumfar da 'yan sanda biyu. A bayan sito, ƙarƙashin tamfol, suka sami tsohon duro mai tsatsa, da wani gwangwani mai hoton lemo da aka ɓoye a gefensa, saura kaɗan a ciki.

Ya sami Preben a ɗakin hutu, ya ajiye gwangwanayen biyu a gabansa.

"Shekara nawa ka cika ranar Alhamis, Preben?"

Sufeto ya ja kujera ya zauna, ya ci gaba.

"Na ci kek ɗinka. Ba tuta ko ɗaya a kansa. Kwana huɗu kafin in lura."

Preben ya daɗe yana duban gwangwanayen. Sannan ya faɗi komai da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ya ɗura tsohon ruwan a gwangwanin lemo, ya ƙara na lemon kaɗan don ƙamshi, ya miƙa wa Kaj bai gaya masa ba, domin ya san Kaj zai ƙi. Da ya tarar da shi kwance, sai ya musanya gwangwanin kafin ya kira kowa.

"Shekara ashirin na yi ina wanke fukafukai da shi," in ji shi. "Ciwon kai kawai yake sa ni."

"A fili, iska tana kaɗawa," in ji Sufeto. " Shi a rami ka sa shi. Bodil fa?"

"Na ɗauka gargaɗi za a yi mata."

Aka fita da shi ta gaban jirgin, ba a sa masa ankwa ba, ma'aikata suna kallo.

Ranar Talata Bodil ta zo ofis kamar yadda aka ce, idanunta sun nuna ba ta yi barci ba. Sufeto ya yaga takardar bayaninta a gabanta. Ta tambaya sau biyu ko ya tabbata ba ita ba ce, ya tabbatar mata sau biyu. Sannan ya ciro wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Kek ne, ba tuta a kansa.

"Wannan nawa ne," in ji shi. "Ki fara yanka."

Nan labarin ya tsaya. Ban yi zurfi a ilimin sinadarai ba, alƙalami kuma da girma na kama shi. Duk inda mai karatu ya ga na kauce, a suna ko a bayani, ina roƙonsa ya gyara mini.