Ranar da Ƙarfe Ya Ci Armiya'u

Ƙofar ɗakin Inna Azumi, uwargida, ce ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, aka kira kafinta daga Kaura Namoda zuwa gidan Alhaji Ladan a Zurmi. Nan Hamdiyya, ɗiyar gidan, ta fara ganin Armiya'u, ta kuma ga abin da ya riƙo.

Wani ɗan inji ne, bai kai zangarniyar gero tsawo ba, ana ɗaura masa bakin ƙarfe mai haƙora. Bakin ba ya juyawa kamar na sauran injuna. Karkarwa kawai yake yi kamar mai zazzaɓi, katako kuwa sai ya riƙa zuba gari. Duniya ba ta ƙare da abin kallo.

Ta kawo masa ruwa ta tsaya daga nesa.

"Malam, ba ka tsoron yatsunka?"

Saurayi ba ya barin tambayar budurwa ta tafi haka. Ya ɗora bakin a tafin hannunsa, injin na kuka. Kwanon ruwan ya suɓuce mata. Ya buɗe tafin, ko ƙwarzane babu.

"Abu mai tauri yake ci," ya ce yana murmushi. "Fata bin karkarwar take yi, sai ya rasa abin kamawa."

Bai san Alhaji na tsaye bakin zaure ba, baki buɗe.

Lambar wayarsa ta zauna wurin Inna, wai ko ƙofa za ta sake kumbura. Ƙofa ba ta kumbura ba, saƙonni dai suka yi ta tafiya tsakaninsa da Hamdiyya.

"Hamdina, yau na auna katako sau uku ina mance awon. Ke ce sanadi."

"Mai Karkarwa, ka kula da hannun nan, ba naka ba ne kai kaɗai."

Da magabatansa suka je neman aure, Alhaji ya tare su. Mutum ne da tun zuwan Shari'a ya tattara layun gidansu ya ƙone, har da na kakansa.

"Ba ni ba ɗan tauri ɗiyata. Da idona na ga ƙarfe ya ƙi cin wanga yaro. Magani ya sha."

Auwalu mai shagon atamfa, wanda shi ma yake son Hamdiyya, ya ƙara wa miya gishiri, wai an ga Armiya'u yana tauna reza. Har ita kanta Hamdiyya ta fara shakka, ta aika masa saƙo.

"Don Allah ka gaya mini gaskiya. Ka taɓa shan wani abu?"

"Kunun Innarki kaɗai, Hamdina. Ke ma kin yarda da su?"

Ta yi kuka, ta roƙi Inna, Inna ta roƙi Alhaji. Daga ƙarshe ya yanke magana.

"In injin ne ba ya cin fata, to tawa ma ba ya ci. Ya zo ya gwada a hannuna gaban jama'a."

Ana cikin haka tsohon bakin injin ya gaji da aiki ya karye. Armiya'u ya hau mashin zuwa kasuwar Shinkafi, wurin Ɗanasabe mai kayan ƙarafa.

"Iri biyu gare ni," in ji Ɗanasabe. "Wancan mai ƙananan haƙora irin naka ne, har ƙusa yana ci, ya fi daɗewa. Wanga na katako ne zalla, ka ga haƙora kamar na kada. Kuɗin wancan guda shi ne ƙulli guda na wanga. Ango mai haɗa lefe, wanne za ka ɗauka?"

Armiya'u ya aika wa Hamdiyya tambayar. Ta amsa, "Sayi irin na da, Mai Karkarwa."

"Baki baki ne, Hamdina. Ragowar a sa miki turare."

Ya ɗauki mai araha.

Ranar gwaji ƙofar gida ta cika, mata na leƙe ta saman zana. Aka tada janareta. Alhaji ya naɗe hannun riga ya miƙa tafinsa, yana karanta abin da ya sawwaƙa. Armiya'u ya kunna inji. Sai a lokacin ya dubi haƙoran da kyau, dogaye, sababbi, suna ƙyalli. Tsohon bakin kuwa aiki ya riga ya cinye kaifinsa.

"Mi kake jira?" in ji Alhaji.

"Baba, janye hannunka tukuna."

Ya ɗora bakin a nasa tafin.

Jini ya yi tsartuwa har kan rigar Alhaji. Daga bayan zana aka ji faɗuwar mutum, Inna na kiran sunan Hamdiyya. Auwalu ya dafe kai. Armiya'u kansa kallon hannun yake kamar na wani, ya tabbata ya rasa komai.

Alhaji ya daɗe yana duban jinin. Sannan ya warware rawaninsa, ya kama hannun ya ɗaure da kansa.

"Ashe ƙarfe na cin ka," ya ce a hankali. "Kuma da ka yi shakka, naka ka sa, ba nawa ba. Ka ce wa iyayenka su dawo."

A asibiti, bayan ɗinki, saƙonta ya iske shi.

"Na ce ka sayi irin na da."

"Da na ji maganarki da Baba bai ga jini ba."

"Wannan karon kaɗai na yafe."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Zurmi. Masu gaisawa da ango kowa sai ya juya tafin ya dubi tabon. Da aka zo tafiya da amarya Kaura, Alhaji ya dafa kanta.

"Ku je, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai tsoronSa. Kai kuma, ka daina gwada kayan aikinka a jikinka."

Jama'a suka ce amin, suna dariya.