Kifin Gwangwani a Ƙarƙashin Tanti

Da Sufeto Yeyet ta sa ƙafa ta ɗaga shimfiɗar yagaggen tantin, ƙarni ne ya fara dukan hancinta. Ramuka uku ne ƙanana a ƙasa. Biyu alade ya tone su ya lashe. Na ukun yana nan a rufe da busasshen ganye, da ta sa kara ta buɗe sai ga kifin gwangwani kwance cikin jan romonsa, tururuwa na ta hidima.

"Wannan ba ɓari ba ne," ta ce. "Ɓari ba ya tona rami ya rufe kansa."

Jiya da la'asar ne aladen daji ya faɗa tantin nan ya farke cinyar wani baƙo ɗan Jakarta mai suna Gilang, yana tsakiyar barci. An sauke shi a kan makarar gora zuwa asibitin Garut, likita ya ce ƙafar sai abin da Allah ya yi. Tun daga ofis Yeyet ta aiko kada kowa ya sauka daga sansanin Pasir Kiara da ke kan dutsen, shi ya sa da ta iso da hantsi, bayan tafiyar awa biyu a gandun dajin gwamnati, ta tarar da mutum talatin kowa fuska a murtuke, kamar ita ta turo aladen.

Pak Sobur, shugaban masu gadin dajin, bai ko leƙa ramin ba. Mutum ne mai son a rufe magana kafin manyansa su kira shi a waya, kuma wuyan da ya fi laushi shi yake nema ya rataya wa laifi.

"Bu, kada ki wahalar da kanki," ya ce, yana kiran ta Bu yadda ake girmama mace a nan. "Sauran abincin tsohuwar can ne ke jawo mana aladu. Na riga na rubuta takardar soke izininta. Kafin azahar ta kwashe komatsanta."

Tsohuwar ita ce Bi Odah, mai rumfar abinci ɗaya tilo a sansanin. Shekara ashirin da biyu tana soya awara da dafa taliya a wurin, tun rasuwar mijinta, kuma ba ta da wata gona ko sana'a bayan wannan. Yeyet ta same ta tana cusa tukwane a buhu, ido ya yi ja.

"Bi, kina sayar da kifin gwangwani?"

"Kifin gwangwani? Da me zan hau da shi, da wannan gwiwar? Ga kayana nan, zazzage. Tun da nake ban taɓa zubar da ko ruwan wanke-wanke kusa da tanti ba. Shi wancan mai tumbin ya sani, wurin yake so ya ba surukinsa."

"Ki iya bakinki," in ji Sobur.

"In na iya bakina me zai rage min? Rumfar ka bar min?"

Yeyet ta zazzage buhunan. Taliya, ƙwai, gahawa, sukari. Babu gwangwani ko ɗaya. Amma rashin gani bai wanke ta ba, ta san Sobur zai ce an ɓoye.

Abokan Gilang uku suna tsaye gefe, ɗaya yana ɗaukar ta hoto da waya. Daga bakinsu ta ji cewa jiya bayan asuba duk sun hau ƙololuwar dutsen, ba su dawo ba sai azahar. Duk safiyar tantin babu kowa.

"Wa kuka yi faɗa da shi?"

"Ɗan dakon nan," mai wayar ya ce. "Ƙauyawan nan duk bakinsu ɗaya, ki kama shi kawai."

"Sauke wayar, ko in saukar maka da ita."

Ɗan dakon, Mang Engkus, yana zaune a kan kututture yana wasa adda. Bai tashi ba.

"Mang, an ce kun yi cacar baki da Gilang."

"Cacar baki? Jaki ya kira ni a gaban mutane. Na ɗauko masa sifikar kiɗa mai nauyin buhun shinkafa tun daga ƙasa, wai na yi nawa. Na ce masa uwarsa ce ta haifi jaki."

"Sai ka binne masa kifi."

Ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta. "Bu, dube ni da kyau. In zan rama, da wannan zan rama, ido na ganin ido. Kuma yaushe? Ni na kai su ƙololuwa, ni na dawo da su. Tambayi mai hoton, ina cikin wayarsa riƙe da jakarsa kamar bawan gado."

Ta duba wayar. Yana ciki kuwa, daga fitowar rana har saukowa, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Engkus ya fita daga zargi.

Wanda ya rage a masu rikici da Gilang shi ne Pak Tisna, tsohon malamin makaranta daga Bandung. Duk wata yake hawa dutsen nan, shekara ashirin ke nan, kuma duk hawa sai ya bi hanya yana tsintar sharar wasu. Masu gadi na girmama shi, matasa na sumbatar hannunsa. Yana zaune a bencin Bi Odah yana kurɓar gahawa.

"Na yi masa magana, gaskiya ne," ya ce a natse. "Ya kunna kiɗa har tsuntsaye suka bar wurin. Ya sari ɗanyen reshe ya hura wuta. Na ce masa ba a haka a nan. Ya ce in dajin na ubana ne in kawo takarda."

"Jiya da safe kana ina?"

"A sansani, ina tsintar leda. Kowa ya gan ni."

"Haba Bu," Sobur ya tsoma baki, "mutumin da ko tururuwa ba ya takawa?"

Yeyet ta juya ta dubi ramukan. Abu ɗaya ke cin ta: ga kifi, ina gwangwaninsa? Ta sa masu gadi biyu suka bi ciyayi da kwazazzabon bayan tantuna har kusan awa guda. Sun samo takalmi ƙafa ɗaya da kwalbar ruwa, ban da gwangwani.

"Pak Sobur, ba ni takardun ƙofa."

Dokar dutsen ce, duk mai hawa sai an rubuta kayan abincinsa a ƙofar daji, leda ɗaya-ɗaya, kwalba ɗaya-ɗaya, in zai sauka ya nuna ɓawonsu. Ta bi takardun duka. Babu wanda ya rubuta kifin gwangwani.

"Kin gani ko?" Sobur ya washe baki. "Kayan rumfa ne kawai ba a rubutawa. Magana ta ƙare."

Bi Odah ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da gefen mayafi. Yeyet ta ninke takardun, ta juya ga mutanen.

"Kowa ya kawo buhun shararsa nan. A zazzage."

Aka yi ta gunaguni da tsaki. Wata ta ce an mayar da su ɓarayi, wani ya ce zai kai ƙara. Aka zazzage dai. Kamar yadda aka saba, kowane rukuni da giɓinsa: wannan ledar biskit biyu sun ɓace, wancan kwalba ɗaya, abokan Gilang kuwa ko rabi ba su kawo ba.

Pak Tisna ya zo da buhu biyu. Babban na sharar da ya tsinta ne, duk laka da tsatsa. Ƙaramin nasa ne, kowace leda a ninke kamar wasiƙa. Yeyet ta riƙa ɗagawa tana duba takardarsa. Taliya huɗu, ga huɗu. Gahawa shida, ga shida. A can ƙasa akwai wani ƙulli cikin baƙar leda, an ɗaure shi sau biyu. Ta kwance.

Gwangwanin kifi ne, an tura murfinsa ciki, jan romo bai ko bushe ba.

Yeyet ta ɗago ta dubi Tisna.

"Tsinta na yi," Tisna ya ce. "A bakin rafi, shekaranjiya, ina hawowa."

"To me ya kai shi buhunka, ga na tsintuwa?"

"Kuskure ne."

"Mutumin da ke ninke ledar gahawa gida huɗu? Bari mu ce kuskure ne. Mang Engkus, in gwangwanin kifi ya yi awa ɗaya a bakin rafin can, yaya ake samun sa?"

"A taune," Engkus ya ce, ya tofar da yawu. "Alade ya lotsa shi, ya lashe shi tas kamar an wanke."

Ta ɗaga gwangwanin kowa ya gani. Babu lotsa, babu sawun haƙori, babu ƙasa a jikinsa.

"Wannan daga hannu ya tafi leda, bai taɓa ƙasa ba. Ka ɓoye shi a ƙofa don kada a rubuta, domin ka san abin da ƙarninsa ke jawowa. Kowa ya gan ka kana sunkuye a tsakanin tantuna jiya, ba wanda ya kula, tunda kullum a sunkuye kake. Duk wanda ke tsaye a nan, da shi ya yi wannan aika-aika, da ya wurga gwangwanin a kwazazzabo, da yanzu tsohuwar nan tana hanyar gida da buhunta. Kai kaɗai ne hannunka ba zai iya ba. Ko ɗauraye shi a rafi ka kasa, kada ka ɓata ruwa. Hali zanen dutse, Pak Tisna."

Da ya buɗe baki, natsuwar nan duk ta gudu.

"A ƙofa na gan shi da sifikar, na san irinsu. Da ma nakan taho da gwangwani ɗaya saboda irinsu. Sau biyu na yi a baya, alade ya yaga tanti, suka tattara suka gudu, ba wanda ya ji ciwo. Ina na san wannan zai kwanta barci da rana? Su ne annobar dutsen nan! Ni na share shi shekara ashirin!"

"Ka share shi, ka zuba masa jini," in ji Yeyet. Ta ciro ankwa.

Sobur ya zaro takardar soke izinin daga aljihu, ya dunƙule ta a hankali, yana kallon sama kamar mai duban hadari. Haƙuri dai bai bayar ba, kuma ba wanda ya sa ran zai bayar.

Bi Odah ta miƙe da ƙyar, ta zo gaban Tisna. Ya kasa ɗaga ido.

"Bi, wallahi ban yi nufin abin ya faɗo kanki ba."

"Tun jiya nake kuka a gabanka, Kang Tisna. Sau uku na cika maka gahawa yau da safe. Kana kallo ina naɗe tabarmata, abin da ka iya ce min shi ne in yi haƙuri, haka Allah ya so."

Ta shiga rumfar. A jikin ginshiƙi akwai ƙusa, inda wani tsohon kofin ƙarfe ke rataye, an kankare sunan Tisna a gindinsa. Ba ta taɓa ba wani baƙo ya sha da shi ba. Ta ciro shi, ta jefa cikin ƙaramin buhunsa, ta ɗaure bakin, ta rataya masa a wuya tunda hannuwansa na cikin ankwa.

"Sauka da shi," ta ce. "Kada ka bar min komai naka a nan."