Fayilolin da Dogo Ya Sa wa Hannu

Ranar da ta fara aiki a sashen ido, ta tarar da shi duƙe a kan na'urar haska ido yana lallashin wani tsoho ya daina ƙiftawa. Saboda tsayinsa kowa a asibitin Dogo yake ce masa. Ya ɗago ya dubi farar rigarta mai sabon karin guga.

"Ke ce sabuwar likitar? Zo ki leƙa, ki gaya mini abin da kika gani."

Ta leƙa. A ruwan gaban idon wasu 'yan ƙwayoyi na yawo kamar ƙura a hasken taga.

"Kumburin cikin ido ne," ta ce. "Kuma ba yau ya fara ba."

"Ikon Allah. Ni sai da na yi wata uku kafin na iya ganinsu."

A gida Auta ake ce mata. Ya ji yayarta ta kira ta haka a waya, shi ma ya ɗauka. Kafin shekara ta zagayo, ma'aikatan jinya sun daina ɓoye dariyarsu idan ya zo neman biro a ɗakinta, ga biro uku a aljihunsa.

Yakan turo mata saƙo tsakanin marasa lafiya: "Autata, na duba ido talatin yau, ban ga irin naki ba."

Ta mayar: "Malam Dogo, ka duba na talatin da ɗaya, yana jiranka tun safe."

Ciwon nan na kumburi ya shiga ranta. Ciwo ne mai wayo: ya lafa, ya dawo, ya cinye gani a hankali. Wani tarin fuka ne ya ɓuya a jikinsa, wani ciwon gaɓoɓi, wani kuma a yi ta bincike a rasa dalili. Ita ce mai zama da su ta yi tambaya har ta gano, ita ce mai kiran waya ta ce kada a yanke maganin ɗigawa lokaci ɗaya, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan. Cikin shekara biyu ta tara marasa lafiya arba'in.

Ƙa'idar sashen ita ce ƙaramin likita ba ya rufe fayil sai na gaba da shi ya sa hannu a ƙasa. Dogo ne na gaba da ita. Takan tara masa fayilolin, ya sa hannu yana tsokanarta da ƙanƙantar rubutu.

Sai aka ba sashen gurbi ɗaya na kwas ɗin ƙwarewa a kan wannan ciwo, shekara biyu a wata babbar cibiya. Ta nema da saninsa, shi ma ya gyara mata wasiƙar.

Lokacin iyayen Dogo sun riga sun nema masa aurenta. Babanta ya ce bai yarda ta tafi ba.

"An kawo gaisuwa, an sa rana, ki ce za ki tafi shekara biyu? Karatun da kika yi bai isa ba?"

"Baba, idanun mutane ne."

"Idanun mutanen ne ni ma nake jin kunya."

Ba ta janye takardarta ba.

Wata Litinin ta ga sanarwa a allon sashe. Sunan Dogo ne. Kwamitin zaɓen wanda zai tafi ya ɗauko fayilolin masu kumburi ya ƙirga, ya ga hannu ɗaya a ƙasan duka arba'in, ya kira mai hannun. Sakatariyar Farfesa, shugaban sashen, ta ce mata cikin tausayi, "Ai mako uku ke nan da aka gaya masa. Na zaci kin sani."

Mako uku. A cikinsu sun zaɓi labule tare, ya raka ta duba gidan da za su zauna.

Ta same shi a ɗakin gwajin gani, ta rufe ƙofa.

"Matar nan mai ɗinki da ta kusa makancewa, me ya jawo mata kumburin?"

Ta ƙara jefa masa wata tambayar.

"Direban da idonsa na hagu ya dawo fa? Ɗigo nawa yake yi yanzu?"

"Auta, ban nema ba, wallahi. Farfesa ne ya kira ni. Na ce zan gaya miki, kullum sai bakina ya yi nauyi. Kuma na ga Baba ba ya so ki tafi, na ce ko hakan ne sauƙi..."

"Sauƙin wa?"

Ta fita ta ci gaba da ganin marasa lafiya har aka tashi.

A gida abin ya fi ciwo. Mama ta ce, "To mene ne? Mijinki ne fa. Abin da ya samu ai ke kika samu." Yayarta ta ce ta gode wa Allah da ba bare ba ne ya ɗauke. Baba kuwa har fara'arsa ta dawo. Babu wanda ya tambaye ta yadda ta ji.

Ta ce a dakatar da maganar biki. Wata guda Baba bai amsa gaisuwarta ba. Kullum ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi ta tafi aiki, ta wuce Dogo a baranda kamar bango.

Sai ga saƙon Dogo ya shigo: "Na rubuta takardar janyewa. Zan ce uzurin gida ne. Gurbin zai dawo gare ki, sanyin idona. Ki yi haƙuri."

Ta mayar: "Ba sadaka na roƙa ba. Idan ka janye da uzuri, za a ce saurayinta ya bar mata. Ka riƙe abinka, ko ka faɗi gaskiya inda aka yi maka tafi."

Kwana biyu babu amsa.

Ranar Alhamis a taron safe, likitoci da ɗalibai sun cika ɗaki, Dogo ya miƙe da tarin fayiloli a hannu.

"Ranka ya daɗe, hannuna ne a ƙasan waɗannan, amma aikin ba nawa ba ne. Ban san rabin mutanen nan ba. Na Auta ne. Na sani tun ranar da ka kira ni, na yi shiru."

Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro fayil ɗaya daga tsakiya, ya karanta lamba, ya dubi Auta. Ta faɗi shekarun matar, da gwajin da ya tona ciwon, da ranar da aka fara rage magani. Ya zaro na biyu, ya zaro na biyar. A na bakwai ya rufe.

Aka ba ta gurbin. Shi kuma aka hana shi neman kowane kwas har shekara uku, aka sa takardar gargaɗi a bayanan aikinsa.

Da yamma Dogo ya je wurin Baba da kansa, ya zauna a ƙasa.

"Baba, ni na ɓata, ba ita ba. In ka yarda a ɗaura kafin ta tafi. Zan jira."

Baba ya sa aka kira ta. "Kin ji. Me kika ce?"

Ta dubi Dogo, duk ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa.

"Na yafe masa, Baba. Mantawa kuma sai a hankali. In zai iya zama da hakan, na amince."

"Zan iya," in ji Dogo da sauri, har Mama da ke bakin ƙofa ta tuntsire da dariya.

Aka ɗaura aure saura kwana tara ta tafi. Da za a kai ta, Baba ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Kaf 'ya'yana babu mai taurin kanki," ya ce. "Je ki koyo abin nan da kyau, tunda kin tsaya a kansa. Allah ya yi muku albarka, ya sa alheri a tsakaninku."

Dogo ya ce amin, ya fi kowa ɗaga murya.