Cokula Biyu a Saman Kabad

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku gyara zama, ta yau ta 'yan sanda ce.

Da hantsi aka kira Sufeto daga asibiti, wai an kawo wata amarya wuyanta ya karkace, harshe ya yi nauyi, idanu sun kafe sama. Sufeton nan mutum ne mai sanyin hali, ko ɓarawo ya kama sai ya fara tambayarsa ko ya ci abinci.

A ƙofar ɗaki ya tarar da uwar amarya tana kururuwa.

"Mijinta ne, Yallaɓai, kafintan nan! Na ce kada a ba mai taɓin hankali 'yata, aka ƙi ji. Ku kulle shi!"

Likita ta ja Sufeto gefe.

"Mun yi mata allura, wuyan ya saki, za ta tashi. Amma alamun nan na maganin da nake rubuta wa mijinta ne."

"Guba ce?"

"Ina! Magani ne mai amfani. Mai jin muryoyin da babu su, ko mai ganin kowa binsa yake yi, shi ke kwantar masa da hankali. Da shi mijin ya koma sana'arsa har ya yi aure. Amma sai da awon likita. Wanda ba a rubuta wa ba in ya sha, ka dai ga abin da ya faru, wani ma bugun zuciyarsa ne ke rikicewa. Wanda aka rubuta wa kuma in ya bari kwatsam, ciwon na iya dawowa."

Kafinta na zaune a benci, garin katako a gashinsa, idanu jajur.

"Kana shan maganinka kullum?"

"Kullum, Yallaɓai."

"Mu ga katin."

Ya zaro katin ƙwayoyin daga aljihu, saura guda ɗaya tak. Likita ta leƙo ta ce ai wannan ya kamata ya kai shi ƙarshen wata. Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Ƙarya na yi. Sai in ga suna raguwa, na ɗauka ni ne ke mantawa ina shan biyu. Na ji kunyar faɗa, kada a ce ciwon ya dawo. Shi ne na riƙa tsallake kwanaki don su isa. Barci ma ya fara guje mini."

"A ina kake ajiyewa?"

"A kan tagar ɗakinmu. Yau ne na sa a aljihu."

"Su wa ke gidan?"

"Ni da ita da Yayata. Yaya ce ta yi jinyata lokacin da ban san kaina ba. Sa'ad da nake ƙin haɗiyar ƙwaya, ita ke murƙushe ta tsakanin cokula biyu ta zuba mini a zuma."

Amarya ta farfaɗo, magana na fita da ƙyar. Ta ce ba ta sha komai ba sai shayin da Yaya ke haɗa mata in miji ya tafi shago, kuma kwanan nan sukari ya yi masa yawa, in ta sha sai barci kamar an danne ta.

Sufeto ya nufi gidan. Ya sami Yaya a kicin tana goge tukwane, mace tsaf-tsaf, komai nata a jere.

"Yaya, kina taɓa maganin ƙaninki?"

"Ni? Tun da aka kawo matar gida ban ko san launinsa ba. Ita ke tuna masa, ita ke raka shi asibiti, ita likita ke yi wa sannu da ƙoƙari. Mu ai mun zama tsofaffin kujeru."

"Shayin fa?"

"Ita ke zuba sukarinta."

Sufeto ya dafe goshi, ya fito da farar ƙwayar ciwon kai.

"Kaina kamar zai tsage, ga shi ni ƙwaya ba ta wuce mini maƙogwaro."

Ku ji fa, jikokina, hannun da ya saba jinya ba ya jiran shawarar mai shi. Ga cokula nan birjik a gabanta, amma sai Yaya ta yi ɗage ta laluba saman kabad, ta sauko da wasu guda biyu a haɗe.

"Kawo nan, Yallaɓai. Kaf gidan nan babu wanda ya iya wannan sai ni."

Ta raba su. A cikin na ƙasan ga ragowar gari ruwan ɗorawa, launin maganin Kafinta sak.

Sufeto ya sa hankici ya karɓe.

"Ba ki san launinsa ba, ko? Za a kai su a auna."

Ta zauna daɓas a kan bokiti.

"Ni na wanke shi, ni na bi shi titi-titi da takalminsa a hannuna. Aurena ya mutu a kan jinyar yaron nan. Ya warke, sai wata ta shigo da lalle a ƙafa, kowa na cewa ita ce ta gyara shi! So na yi ita ma ta zauna tana dalalar da miyau, a ga wanda zai riƙe su duka biyun in ba ni ba."

"Kin san kowace ƙwayar da kika zuba mata, daga bakinsa kika cire? Ya fara rasa barci."

Ta ɗago a firgice.

"Auta? Ba ya barci?"

Nan ne kuka ya ƙwace mata. Sufeto ya jira ta ɗauki mayafinta, sannan ya sa ta a gaba zuwa mota.

Yaya dai kotu ta ɗaure ta. Amarya ta warke sarai ta koma ɗakinta. Uwarta ta je har shago ta nemi gafarar surukinta. Likita ta mayar da Kafinta kan ƙa'idar maganinsa, barci ya dawo. Ya ƙera ɗan akwati mai kwaɗo yana ajiye katin a ciki, kuma duk ranar ziyara yakan je ya gaida Yayarsa. Sufeto kuwa ya koma ofis ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa.