Kaskar Turken Ɗahiru

Ranar da ya fara ganinta tana tsugune ne a bayan bijimi, ta ɗage masa wutsiya da hannun hagu, tana tsintar kaska da na dama. Ta ciro wata ƙatuwa da ta sha jini ta yi tim kamar ƙwayar gurjiya, ta sa ta tsakanin faratanta.

"Kada ki fasa ta," in ji wani a bayanta.

Ummussalma ta waiga. Wani dogon saurayi ne, da famfon feshi a baya, hannuwansa cikin safar roba. Sunansa Muhyiddeen, malamin dabbobi ne daga Birnin Kudu, ya zo Fagam yi wa shanu feshi.

"Tun ina ƙarama nake fasawa," ta ce.

"To yau ki yi mini alfarma. Sa ta nan."

Ya miƙo mata gwangwani da kananzir a ciki, ta jefa. Ya ce akwai kaskar da ke ɗauke da ciwo. Sa ba ya jin komai, amma in ta ciji mutum, ko jininta ya shiga inda fata ta tsage, sai zazzaɓi, sai haɓo, sai jini ta dasashi.

"Kwana nawa yake yi ya kashe?"

Ya dube ta da kyau. "Wa ya yi wa?"

"Yayana, Ɗan'azumi. Kwana shida. Wata bakwai ke nan."

Ta faɗa kamar mai faɗin inda aka ajiye tsintsiya. Tun da aka fita da gawar yayanta haka take. Ba ta kuka, ba ta dariya. Ta ba shanu dusa, ta ɗebo ruwa, ta yi salla, ta kwanta.

Iyayenta sun rasu da wuri, kakanta ne ya riƙe su, Ɗahiru Mai Turke. Kakan nan shi ne mai ba ku labarin, amma zan riƙa kiransa da sunansa, don suna ne da ya isa a kira. Bai taɓa zama a aji ba, amma daga Gwaram har Basirka babu wanda zai dafa ƙugun bijimi ya faɗi watannin da ya yi a turke sai shi. Kuma ciwon nan da ake tsoro ya taɓa kama shi yana da ƙarfinsa. Kwana goma sha ɗaya yana haɓo, har an auna masa likkafani, ya tashi ya nemi tuwo.

Muhyiddeen ya ba ta lambarsa, wai ko shanun za su nuna wata alama. Shanu lafiyarsu ƙalau. Shi ne ya fara turo saƙo. Saƙonnin nan ita ta karanta mini su daga baya, kaina kuwa ba ya zubar da abin da ya ji.

"Salamu alaikum. Ina fata yau ba a fasa ko ɗaya ba."

"Ba a fasa ba."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ummu, amsarki kamar ta mai sayar da gishiri, a ɗan tsakura. Amma ni ta ishe ni miya."

Ta karanta shi sau uku.

Ya fara zuwa zance duk Juma'a bayan la'asar. Ya kawo mata hantsakin cire kaska da safa guda biyu. Suna zama a bakin zaure, shi ke magana, ita tana kallon ƙasa. Bai taɓa ce mata ta yi haƙuri ba, abin da kowa ke faɗi har ta daina jinsa. Wata rana ya ce, "Salmata, in ba kya son magana mu yi shiru tare, na iya." Suka yi shiru har aka kira magariba. Da zai tafi ta ce, "Malamina, ka kula da hanya." Ranar ta fara kiransa haka.

Ɗahiru kuwa ko sunansa ba ya kamawa, Mai Safa yake ce masa.

"Matata," ya ce da jikar tasa, irin wasan kaka da jika, "in za ki sake ni, ki sake ni don namiji. Mutumin da ke sa wa hannu takalmi kafin ya taɓa saniya? Ga Ɗanbala nan, ɗan Sarkin Fawa, shi kaɗai yake kayar da sa."

"Ba na son Ɗanbala, Kaka."

"Shi wancan ki gaya masa ajali ne ya ɗauki ɗan'uwanki. Ya daina bin gari yana cewa kaska. Ni da na fasa kaskar da ta fi gashin kansa yawa, ga ni zaune."

Da manyan Muhyiddeen suka aiko za su zo, Ɗahiru ya ce su dakata. A gidan Mai Turke akwai al'ada tun kakanni: wanda zai auri 'yar gidan sai ya tsince wa babban sa kaska a gaban mutane, da hannunsa, ya fasa ta a ga jini a farcensa, don a san ba a ba raggo ba. Ya sa rana, ya ce Ɗanbala da Mai Safa duk su zo.

Ta tura masa saƙo: "Kada ka zo. Kai ka gaya mini abin da kaska take yi."

Ya amsa: "Na sani, Salmata. Sau ɗaya ne, zan wanke hannu nan take. In ban zo ba Ɗanbala zai ba wa."

Ya zo da hantsi. Ɗanbala ya riga shi, yana fasawa yana goge yatsu a wando yana dariya.

"Malam, a kawo maka cokali ne?"

Muhyiddeen ya tuɓe safarsa ya sa a aljihu. Ummussalma tana leƙe ta katanga, ta ga wani ɗan yanka a babban yatsansa, inda wayar birkin babur ta karce shi. Shi kuwa ya nufi bayan san. Ya tsuguna ya tsinci tara, ya fasa tara. Ya miƙe ya nuna wa Ɗahiru hannunsa.

"Baba, ga shi."

"To," in ji Ɗahiru. "Ashe akwai hannu cikin safar. Zan yi shawara."

Kwana biyar bayan haka saƙo ya shigo: "Kada ki zo inda nake. Kada ki taɓa komai nawa."

Ta kira, a kashe. Ta hau motar Birnin Kudu ba ta gaya wa kowa ba. A ƙofar gidansu mahaifiyarsa, Hajiya Safiyatu, ta tare ta, idonta jawur.

"Yana asibiti, an killace shi. Ya ce ko kin zo kada a bar ki."

"Inna, ni ya ce?"

"Ke ya ce. Koma gida, 'yar nan."

Ta koma. A mota ta gama yanke wa kanta hukunci: ya tsane ta, kuma ya yi daidai, saboda ita ya fasa kaskar. Ba ta ji zafin hakan ba. Ta sauka, ta sa safa, ta ba shanu dusa.

Kullum da safe ma'aikatan lafiya suna zuwa su ɗora mata wani abu a goshi su auna zafin jiki, ita da kakanta da Ɗanbala, su rubuta su tafi. Sun yi wa turken feshi. Daga bakinsu take jin labari: yau ya fara haɓo, yau an ƙara masa jini, yau bai gane mahaifinsa ba. Ta san wannan hanyar, ta taɓa binta rana bayan rana. Tana jinsu, sai ta ce "To," ta ɗauki bokiti.

Rana ta shida Ɗahiru ya same ta a turke. Bai ce matata ba.

"Ummussalma. Da gaske kaska ce ta kashe Ɗan'azumi?"

"Haka suka ce."

"Yana shekara shida na kama yatsunsa na koya masa fasa ta."

Ta ci gaba da zuba harawa.

"Ke ma ni na koya miki."

"E, Kaka."

Ya shiga ɗaki ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya aika a kira Ɗanbala. "Tada babur, kai ni Birnin Kudu."

"Wajen abokin takarata, Baba?"

"Takara ta ƙare. Tada."

Ɗanbala ya tada. Yaron kirki ne, bakinsa ne kawai babu linzami.

A asibiti Ɗahiru ya naɗe hannun riga ya miƙa wa wata nas. "Ɗebi. Jinin nan ya taɓa haɗuwa da ciwon nan ya kayar da shi."

"Baba, shekarunka nawa?"

"Ki tambayi kukar bakin kasuwar Gwaram."

Suka ƙi ɗiba, wai ya tsufa, kuma shi ma ana sa masa ido. Ni dai har gobe ina cewa da sun ɗiba da kwana biyu zai tashi. Ɗahiru ya sauke hannun riga, ya nemi mahaifin yaron, Malam Muslim, ya same shi zaune kan buzu a gindin darbejiya da carbi. Ɗahiru, da bai taɓa durƙusa wa dagaci ba, ya durƙusa.

"Malam, ni na sa ɗanka ya cire safa. Ya san gaskiya, na ce ƙarya ce, don in gaskiya ce to ni na kashe jikana."

"Rai na Allah ne, Malam Ɗahiru. Tashi."

"Ba zan tashi ba sai ka karɓa. Na ba shi Ummussalma. Ya tashi, matarsa ce. Bai tashi ba, a san dai shi na ba."

Malam Muslim ya ce, "Na karɓa masa. Allah ya sa ya ji da kunnensa."

Da Ɗahiru ya dawo ya gaya mata, ta ce, "To." Ta tambaye shi ko a ɗumama masa tuwo.

Rana ta goma sha uku, tana wanke kwaryar dusa, waya ta yi ƙara.

"Salmata. Hannuna yana rawa, nas ce ke rubuta mini. Wai an ba ni mata ina barci. Na ce kada a bar ki ki shigo don ciwon yana bin jini, ban so ya taɓa ki. Kin ci abinci?"

Ta zauna a ƙasa inda take, cikin laka. Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta rubuta: "Ban ci ba. Yanzu zan ci."

An ɗaura aure bayan girbin gero, a ƙofar gidan Mai Turke. Ango ya rame, hula na yi masa yawa, ko babur ba ya iya tadawa. Ɗanbala ne ya yanka san walima, da safa har gwiwar hannu, abokansa na yi masa tsiya yana cewa wanda ya isa ya zo ya cire masa. Bayan an shafa Fatiha Ɗahiru ya miƙe ya ce al'adar tsintar kaska ta ƙare a gidansa, kakanninsa suka kafa, shi ya tuge, kuma duk garin babu wanda ya isa ya tuge ta sai shi. Ya dubi ango ya ce, "Ni kwana goma sha ɗaya na yi, kai goma sha uku. Kada ka ce ka fi ni, ni babu asibiti."

Kwana biyu da tarewa, da yamma, suna zaune a tsakar gidansu na Birnin Kudu, tana zuba masa kunu. Ta ajiye ludayin.

"Malamina, in tambaye ka?"

"Tambayi, amarya."

"Lokacin da ba ka gane mutane. Da zafi?"

Ya yi tunani, don ba ya yi mata ƙarya. "Da farko akwai. Daga baya sai sanyi kawai. Ba ka iya motsi, amma kana jin muryoyi. Na ji Baba yana karatu ta taga."

"Ana ji?"

"Ana ji."

"Ranar ƙarshe na yi ta yi wa Yaya magana. Suka ce in bari, ba ya ji."

"Ya ji ki, Salmata."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki kofin ta miƙa masa, har kunu ya ɗan zuba a tabarma. Ya karɓa ya ajiye, ya riƙe hannunta, bai ce ta yi haƙuri ba.

Allah ya jiƙan Ɗan'azumi, ya haskaka kabarinsa. Su kuma Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya yafe wa tsohon da ya ba ku labari.