Leshin Matar Likita

Tun da sassafe Auta take kai da komo tsakanin ɗakinta da na maƙwabta. Fanka ta aro a wurin Maman 'Yan-biyu, labule a wurin matar mai shayi, kujerun roba kuwa sai da ta je ƙarshen layi. Innarta ce za ta zo, kuma wannan ne zuwanta na farko tun da aka yi auren.

Mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, yana tsugune a bakin ƙofa yana zubar da tokar dutsen guga.

"Oga, plis ka tura dutsen nan bayan durom," in ji ta. "Ka sa rigarka ta kamfani ka fita. Sai la'asar ka dawo kamar daga aiki."

"Fim kike shiryawa ke nan, ni ne ɗan wasa?"

"Kai ne jarumin. Tashi, don Allah, gabana faɗuwa yake yi."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya tashi.

Kamfanin nan da Dogo ya yi wa aiki, na saƙa ne ko na takalman roba, yanzu ba kowa ke tunawa ba. Abin da aka sani shi ne an wayi gari da kwaɗo a ƙofarsa. Magidanta sun daɗe suna taruwa a bakin get kowace safiya, suna leƙe ta tsakanin ƙarafa, har suka gaji suka watse. Wasu sun koma dako, wasu sun koma zaman inuwa. Dogo ya sayi baho da dutsen guga, ya shiga wanki. Auta na sa sitaci tana ninkewa, shi yana cuɗawa yana gogewa. Wata rana a ci a ƙoshi, wata rana a sha ruwa a kwanta.

Ba su gaya wa kowa a gidansu Auta ba, saboda babban yayanta, Yaya Babba. Shi ne uba tun rasuwar mahaifinsu, kuma bai taɓa son auren ba. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya san yunwa tun yana ƙarami, har yake ganinta ko a inda ba ta. Ranar da ya amince ya ce wa Dogo, "Na ba ka don kana da aiki. Ranar da na ji aikin ya tafi, zan zo in ɗauke ƙanwata." Shi kuwa ba ya faɗa ya fasa.

Auta ta kwashe kayan kwastomomi da aka goge, ta jera su a cikin wadirob, ta rufe. A samansu akwai wani leshi shuɗi na matar likita, wadda ita ce babbar kwastomarsu, kuma ita ta jawo musu rabin gidajen da suke yi wa wanki. Washegari za a zo karɓa.

Inna ta iso da hantsi, da 'yar jakarta a hammata. Ta rame. Auta ta rungume ta, ta ji ƙasusuwan kafaɗarta, sai ta kawar da kai.

"Ma sha Allah, har da fanka," in ji Inna, tana zama.

"Ga fanka, ba wuta, Inna."

"Ko'ina haka ne, 'yar nan. Mu a wajenmu yara sun ɗauka ƙwan lantarki ado ne."

Suka yi dariya, aka ci abinci, aka yi hirar dangi. Hankalin Auta ya fara kwanciya. Da azahar ta fita ɗebo wa Inna ruwan alwala, tana dawowa ta tarar da wadirob a buɗe. Inna ta je neman sallaya ne. Tana tsaye, leshin nan a hannunta, tana shafa shi a hankali.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Ashe haka Allah ya buɗa muku?" Muryarta ba ta faɗa ba ce, kuma hakan ya fi ciwo. "Ni ina can da zani ɗaya na fita. In na wanke shi, sai in zauna a ɗaki har ya bushe. Ban taɓa aiko miki ba, ina cewa yara ne, suna farawa. Ashe wadirob har ba ya rufuwa."

"Inna, ba haka—"

"Ba na neman komai a wurin mijinki. Amma wannan na ɗauka. Ko sau ɗaya in shiga cikin mutane ba tare da ina ɓoye faci ba."

Ta ninke shi ta sa a jaka, ta ja zif.

Auta ta yunƙura za ta yi magana. Ta buɗe baki, ta tuna da Yaya Babba, ta rufe. Haka ta zauna tana fifita wa Inna da marfin kwano, idonta a kan jakar, har la'asar.

Dogo ya shigo cikin rigar kamfani da ta koɗe, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, sannunku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya," in ji Inna, ba ta dube shi ba.

Auta ta yi masa ido, ya biyo ta bayan ɗaki inda igiyar shanya take. Ta faɗa masa cikin raɗa, hawaye na zuba.

"Bar mata," in ji shi.

"Ka ji me na ce kuwa? Na matar likita ne."

"Na ji. Zan ce ya ɓata a hannuna. In yi mata wanki kyauta har ta huce."

"Ba za ta huce ba. Ɓarawo za a kira ka. Gida ɗaya ya ce ɓarawo, duk sauran sun janye kayansu. Me za mu ci?"

"In kin faɗi gaskiya kuma, gobe Yaya yana ƙofar nan da mota." Ya goge fuska da hannun riga. "Sunan ɓarawo zan iya ɗauka, Auta. Ɗakin nan babu ke ne ba zan iya ba."

Ta dube shi. Mutumin da ko allura ya tsinta a aljihun kwastoma sai ya mayar, yau shi ke neman a kira shi ɓarawo saboda ita. Ta share idonta da gefen mayafi.

"Sori, Oga. Ni na shirya wannan ƙaryar, ni zan kwance ta."

Ta koma ɗaki, ta durƙusa a gaban Inna. Ta faɗi komai. Kamfani ya rufe. Kayan wadirob duk na mutane ne. Fanka ta aro ce, labule na aro ne, har kujerar da Inna ke kai.

Inna ta miƙe. Ta buɗe jaka, ta fito da leshin, ta ajiye a kan gado kamar yana da zafi.

"Kira min shi."

Dogo ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Sabulu ya cinye gefen yatsun, ga tabon garwashi a bayan hannu, sabo a kan tsoho. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga 'yarta.

"Ni kika mayar baƙuwa, Auta? Ni da na goya ki ina wanke-wanke a gidajen mutane? Kin sa na zagi yaron nan a zuciyata, na kusa zama ɓarauniya da tsufana."

"Ki yafe min, Inna. Tsoron Yaya ne."

Kamar an kira shi, wayar Inna ta yi ƙara. Ita ba ta iya rage muryar waya ba, don haka kowa a ɗakin ya ji shi sarai.

"Inna, kin isa? Ya kika ga gidan?"

Auta ta riƙe ƙafar gado. Dogo ya sunkuyar da kai.

"Na gani," in ji Inna. "Aikin kamfani ya tafi tuntuni. Wanki yake yi."

Yaya Babba ya ce: "Na faɗa. Ki ce ta haɗa kayanta, gobe ina hanya."

"Ka zo, hanya ta kowa ce. Amma ka zo da manyan rigunanka masu datti, ka biya kamar kowa. Ƙanwarka kuwa tana ɗakinta."

"Inna, yunwa fa—"

"Ka girme ni a sanin yunwa ne? Cewa ka yi a ba mai aiki. Na ga hannunsa, ban taɓa ganin aiki irin wannan a hannunka ba. In ka taɓa auren nan, ban yafe ba."

Can ya ce, "To, Inna." Ta kashe.

Auta ta kifa kanta a cinyar uwarta tana kuka. Dogo ya fita da sauri, wai zai duba shanya, alhali babu komai a igiya.

Talaucin bai tafi a ranar ba, kuma bai tafi a shekarar ba. Amma ɓoyo ya ƙare, kuma ashe shi ne rabin nauyin. Yaya Babba ya yi fushinsa ya gama, daga baya ya samo wa Dogo wankin wani masauki da ke kusa da wurin aikinsa. Da abin ya ɗan kankama, farkon abin da Dogo ya saya zani ne, ba leshi ba, atamfa ce mai sauƙi. Ya kai wa Inna da hannunsa.

Yara masu tasowa, rashi ba laifi ba ne, jarrabawa ce da ta game gidaje da yawa, kuma ba a cinye ta da kayan aro. Wanda ya ɓoye wa nasa halin da yake ciki ya hana kansa taimakonsu, ya kuma jawo wa masoyinsa zargin da bai ci ba. Ku yi haƙuri da juna, ku faɗi gaskiya ko murya na rawa.